Na canza wa manhaja suna, Play ta ƙi karɓar sabuntawa: a taimaka

Nura Rikkos:
Salamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Don Allah ina neman agaji, tun la'asar ɗin jiya nake kan abu ɗaya. Bara na yi wa wani Alhaji dillalin tumatir da dankali a kasuwar Farin Gada ta Jos manhajar rubuta bashi: wa ya ɗauki kwando nawa, nawa ya bayar, nawa ya rage. Da Flutter na yi ta, wato kayan aikin Google na gina manhajar waya. Lokacin ban zaci za ta je ko'ina ba, sai na sa mata com.gwaji.littafin_bashi na ɗora a Play, kantin manhajojin Android, da asusuna. Allah ya sa mata albarka, maƙwabtan rumfarsa suka gani suka sauke, yanzu mutum 140 da 'yan kai ne ke aiki da ita. Alhaji ya ce kalmar bashi a fuskar waya ba ta kwanta masa ba, don mai ciniki na leƙowa ita yake fara gani. Ya ce a mayar da sunan Ma'ajin 'Yan Gwari.

Sai na shiga build.gradle, fayil ɗin saitin haɗa manhajar, na canza applicationId da namespace duka zuwa com.maaji.gwari, na canza name a pubspec.yaml, na canza title a MaterialApp. Da zan haɗa sai ya tsaya da "No matching client found for package name". Na buɗe google-services.json, fayil ɗin da ke haɗa manhajar da Firebase (sabis ɗin Google na shiga asusu da adana bayanai), na gyara sunan da hannu, ya wuce. Na sa a Tecno ɗina, ina taɓa ta sai ta rufe. Na ce bari in ɗora a Play Console, shafin da ake ɗora manhaja a Play, in gani, ta ce dole fayil ɗin ya zo da tsohon sunan. Abin da ya fi ɗaure mini kai, duk da wannan aikin, a ƙarƙashin tambarin manhajar har yanzu littafin_bashi ne a rubuce.

Sadiq Bukuru:
Wa alaikumus salam. Ka yi flutter clean? Sau da yawa tsohon abu ne ke maƙalewa.

Nura Rikkos:
Na yi ya fi sau biyar, Sadiq. Har wayar na kashe na kunna.

Injiniya Bello:
Wa alaikumus salam Nura. Kafin komai, kada ka sake taɓa wani fayil sai ka gama karanta wannan. Abubuwa biyu ka haɗe a ka, kuma ba ɗaya ba ne. Manhaja tana da sunan yanka, tana da laƙabi. Sunan yankanta shi ne applicationId. Da shi Android ta san ta, da shi Play ta san ta, da shi Firebase ta san ta. Ranar da ka fara ɗora ta a Play ita ce ranar suna, an yanka rago an watse, ba a sakewa. Laƙabin kuwa shi ne abin da mutum ke gani a ƙarƙashin tambari, kuma wannan ko kullum ka ga dama ka canza. Alhaji laƙabi ya ce ka canza, kai kuma ka kama sunan yanka, laƙabin ma ba ka kai gare shi ba.

Yana cikin android/app/src/main/AndroidManifest.xml, a layin android:label. Flutter na rubuta sunan aikin kai tsaye a wurin tun ranar da ka ƙirƙire shi, shi ya sa kake ganin littafin_bashi da ɗan layin ƙasa. Title ɗin MaterialApp da ka canza ba ya taɓa allon waya, yana fitowa ne a jerin manhajojin da aka buɗe kwanan nan. Shi kuma na pubspec sunan ƙunshin Dart ne, mai waya ba ya taɓa ganinsa.

Rufewar da take yi daga namespace ne. A manifest an rubuta .MainActivity, wannan ɗigon na farko yana nufin a je a neme shi a ƙarƙashin namespace. Ka canza namespace, amma MainActivity.kt har yanzu layinsa na farko yana cewa package com.gwaji.littafin_bashi. Android ta je sabon adireshi ba ta tarar da kowa ba. Duba logcat, inda Android ke rubuta kurakuran manhaja, za ka ga ClassNotFoundException.

Nura Rikkos:
Wallahi shi ne, Injiniya, yanzu na gan shi. To in matsar da MainActivity zuwa sabuwar folda ke nan?

Injiniya Bello:
A'a. Ka mayar da applicationId da namespace yadda suke a da, ka sake sauke google-services.json na asali daga Firebase. Gyara shi da hannu yaudarar Gradle mai haɗa manhajar kawai ka yi, su can a sabarsu ba su san wata com.maaji.gwari ba.

Malam Ɗanjuma:
Injiniya, Allah ya ƙara sani, bayaninka daidai ne, amma a shawarar ban bi ka ba. Ni ina ganin yaron nan ya canza yanzu tun abin bai yi nisa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mutum 140 ne fa, kuma kusan duk kasuwa ɗaya suke, a yini biyu zai zagaye su. In sun kai dubu biyar fa? Sannan sunan nan ba ɓoyayye ba ne kamar yadda ake cewa. Adireshin manhaja a Play yana ƙarewa ne da id= sai sunan yankan. Duk wanda Alhaji ya tura wa a WhatsApp zai ga "gwaji" kuma zai ga "bashi", kalmar da mutumin ya ce ba ya so. Na yi aiki da wani kamfani a Abuja, da suka ga tsohon sunan wanda ya fara yi musu aikin a adireshin sai da suka sa aka sake komai. Mai kuɗi in ya ce ba ya son abu, ba ya so ne.

Maman Ilham:
Malam Ɗanjuma, da girmanka, bari in yi tambaya ɗaya kafin a ci gaba. Nura, bashin da mutanen nan ke rubutawa, ina yake zama? A waya ko a saba?

Nura Rikkos:
A waya ne Anti, da sqflite, ma'ajiyar bayanai ta cikin waya. Dalilin da ya sa ma na shigo da Firebase a wannan sabuntawar ke nan, don mutum ya shiga da asusun Google a riƙa adana masa kwafi. Amma wadda ke hannunsu yanzu komai a cikin wayar yake.

Maman Ilham:
To magana ta ƙare a wurina. Malam, ka san Android tana ware wa kowace manhaja ɗakinta ne da wannan sunan, /data/data/ sai applicationId, kuma wata ba ta shiga ɗakin wata. In Nura ya fito da com.maaji.gwari, waya ba za ta ɗauke ta a matsayin sabuntawa ba, baƙuwa ce. Za ta zauna gefen tsohuwar da littafi fari fat. Yanzu ka ɗauko mai rumfa a Farin Gada wanda ya ba da kwando talatin bashi ga masu kai kaya kudu, an ce masa ga sabuwa ta fito. Me zai yi? Zai sauke sabuwa ya goge tsohuwa, don wayarsa kullum kukan cikewa take. Shi ke nan, lissafin ya tafi. Ba mutum 140 nake gani ba, littafin bashi 140 nake gani, kuma kowanne dukiyar wani ce. Mahaifina kayan gwari ya sayar har ya tsufa, na san yadda rigimar kwando ɗaya ke raba mutanen da suka shekara ashirin suna ciniki.

Batun adireshi kuma, kowa ya ɗauko wayarsa ya duba. Twitter ta koma X a Yulin 2023, amma a Android har gobe com.twitter.android ce. TikTok da yaranmu ke kwana a kai com.zhiliaoapp.musically ce, sunan manhajar da ta gabace ta. Facebook com.facebook.katana, Messenger com.facebook.orca. Waɗannan ba kuɗin sakewa suka rasa ba. Sun san sakewar tana nufin a bar duk wanda ya riga ya sauke a baya.

Malam Ɗanjuma:
Hajiya, su miliyoyi suke tsoron rasawa, shi ɗari da arba'in. Ba a haɗa su. Kuma akwai hanya: ya fitar da sabuntawa ta ƙarshe a tsohuwar mai maɓallin fitar da bayanai zuwa fayil, ko ya bari kowa ya adana a Firebase tukuna, sannan sabuwa ta ɗauko. Na yi wannan da hannuna, ya yi aiki.

Maman Ilham:
Ya yi aiki ga ma'aikatan ofis masu imel da kwamfuta. Nawa ne cikin mutanen Nura suka san kalmar sirrin asusun Google ɗinsu? Yawancinsu a shagon da suka sayi wayar aka buɗe musu, ba su taɓa rubuta ta ba. In mutum goma kacal suka ɓata a hanya, wa zai biya su?

Injiniya Bello:
Akwai kuma abin da ba a ambata ba. Nura, asusunka na Play na ƙashin kai ne ko na kamfani, kuma yaushe ka buɗe?

Nura Rikkos:
Na ƙashin kai ne, a 2024 na biya dala 25 na buɗe asusun.

Injiniya Bello:
To ƙa'idar gwaji ta hau kanka. Duk asusun ƙashin kai da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamban 2023, sabuwar manhaja ba ta fita ga jama'a sai ta yi rufaffen gwaji na kwana 14 a jere. Da masu gwaji 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12. Sabon applicationId sabuwar manhaja ce, don haka layin za ka sake bi daga farko. Taurarin da mutane suka ba ka da yawan saukewa duk suna kan tsohuwar. Kuma ko ka janye tsohuwar daga kasuwa, sunan ba ya dawowa hannun kowa a sake amfani da shi.

Malam Ɗanjuma, inda na yarda da kai shi ne ranar farko. Da Nura ya zo nan kafin ya ɗora, ni ne zan fara cewa kada ya kuskura ya sa gwaji. Da flutter create --org ya yi da sunan da ya dace, da duk ba a zo nan ba. Amma an riga an ɗora, kuma akwai amanar mutane a ciki.

Malam Ɗanjuma:
Na ji batun kwana 14, wannan ban tuna da shi ba don asusunmu na kamfani ne. Amma har yanzu akwai abin da ke damuna, kuma ya fi sunan girma. Manhajar Alhaji ce ko ta Nura? Tana asusun Nura, da sunan da Nura ya ga dama. Gobe in Nura ya samu aiki a Legas ko ya tafi karatu, Alhaji ya kama wa?

Injiniya Bello:
Wannan tambaya ce ta gaskiya, amma maganinta ba canza suna ba ne. Play tana da hanyar miƙa manhaja daga asusu zuwa asusu, ta tafi da sunan yankanta da masu amfani da ita da taurarinta. In Alhaji ya buɗe nasa, a miƙa masa. In na kamfani yake so za a nemi lambar D-U-N-S, wato lambar shaidar kamfani, wannan kuma sai kasuwancin na da rajista. Nura, ku zauna ku yi wannan maganar da shi a rubuce tun ana shiri.

Nura Rikkos:
In sha Allah. Na mayar da komai, ta daina rufewa, alhamdu lillahi. Na kuma bi wani bayani na buɗe strings.xml a res/values na sa app_name, na nuna shi a manifest da @string/app_name. Amma yanzu haɗawa ta sake tsayawa, tana ƙorafi a kan layin sunan.

Zainab UJ:
Yaya Nura wannan na san shi, ya taɓa cinye mini dare a aikin makaranta. Alamar da ke cikin Ma'ajin da ta gaban 'Yan ce. A strings.xml ba a barin wannan alamar tsirara, sai an sa mata \ a gaba. Ka rubuta Ma\'ajin \'Yan Gwari, ko ka rufe sunan gaba ɗaya da alamar zance mai biyu. Mu masu rubuta Hausa kullum sai mun ci karo da shi, don 'ya'ya da jama'a da sana'a duk suna da ita. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, ba su da matsala a laƙabi. A applicationId ne ba sa shiga sam, can sai baƙaƙen Turanci da lambobi da layin ƙasa.

Nura Rikkos:
Allah ya yi miki albarka ƙanwata, ya wuce. Sai dai a allon Tecno sunan ya yanke, "Ma'ajin 'Ya..." kawai ake gani.

Maman Ilham:
Haruffa 18 ne in ka ƙirga da tazara, sun yi wa ƙasan tambari yawa. Ka sa Ma'aji kawai a waya. Cikakken sunan ka kai shi shafin manhajar a Play Console, can an ba ka har haruffa 30, kuma ba ya buƙatar sabon fayil, gyaran rubutu ne. Nan ma mutane na ruɗewa: sunan kanti daban, sunan kan waya daban, babu wanda ke canza ɗan uwansa.

Kada kuma ka ce za ka ɓoye sunan Hausar a values-ha ka bar na Turanci a values. Wannan foldar sai wayar da aka sa harshenta Hausa take karantawa, kuma wayoyin kasuwa kusan duk a Turanci aka bar su yadda aka sayo. Ma'aji ya zauna a values ɗin asali.

Sadiq Bukuru:
Tunda ana maganar, ni a React Native, wani kayan gina manhaja irin Flutter, na taɓa canza name a app.json sai allo ya yi ja, wai ba a yi wa manhajar rajista ba. Abu ɗaya ne?

Injiniya Bello:
Danginsa ne. A can name shi ne wanda AppRegistry ke rajista da shi, kuma dole ya yi daidai da abin da getMainComponentName ke mayarwa a MainActivity. Ka canza ɗaya ka bar ɗaya. Sunan kan allo yana strings.xml kamar na Nura.

Nura Rikkos:
Anti Maman Ilham, ke da kika saba da iPhone. Ɗan Alhaji da ke riƙe masa lissafi iPhone gare shi, suna so a yi ta can ma. Ban ɗora komai ba tukuna, ko dala 99 na asusun Apple na shekara ba a biya ba. Na duba Xcode, inda ake haɗa ta iPhone, na ga com.gwaji.littafinBashi, ba irin na Android ba. Kuskure ne?

Maman Ilham:
Ba kuskure ba ne. Apple ba ta karɓar layin ƙasa a wannan sunan, sai haruffa da lambobi da ɗigo da karan tsakiya. Android kuma ba ta karɓar karan tsakiya. Shi ya sa Flutter ke cire layin ta ɗaga harafin da ke biye. Ba dole ba ne na iPhone ya zama ɗaya da na Android, kasuwa biyu ce ba ruwan wata da wata. Tunda ba ka ɗora ba, nan ne damarka, kuma nan ne shawarar Malam Ɗanjuma ke aiki ɗari bisa ɗari: zaɓi suna mai kyau yanzu, don da zarar ka tura gini na farko zuwa App Store Connect, shafin ɗora manhaja na Apple, ya kafu. Ka canza shi daga Xcode, ka tabbata ya canza a Debug da Release da Profile, don PRODUCT_BUNDLE_IDENTIFIER yana maimaituwa a project.pbxproj, kuma mutane kan gyara ɗaya su bar sauran. Sannan ka yi wa sabon sunan rajista a Firebase ka sauke GoogleService-Info.plist nasa.

Laƙabin yana Info.plist, CFBundleDisplayName. Ka kula da shi sosai. An taɓa dawo mini da manhajar wata makarantar Islamiyya a ƙarƙashin ƙa'idar Apple ta 2.3.8, kuma laifina ne: a kanti na sa sunan makarantar, a waya na bar sunan da na fara aikin da shi, ba su ko yi kama ba. Dalilinsu mai kyau ne, mutum ya sauke abu da wani suna ya zo yana nemansa a waya bai gani ba. Ma'aji da Ma'ajin 'Yan Gwari sun yi kama, wannan ba zai ba ka matsala ba.

Malam Ɗanjuma:
To ko a nan an bi tawa. Na Android ɗin na sallama saboda littattafan mutane, ba don adireshin ya daina damuna ba. Nura, ka gaya wa Alhaji gaskiya cewa tsohon sunan zai ci gaba da fitowa a adireshi, ka nuna masa na TikTok a wayarsa. Kada ya gano da kansa daga baya ya ga kamar ka ɓoye masa.

Nura Rikkos:
Barkanmu da asuba. Jiya da dare na ɗaga lambar siga a pubspec daga +4 zuwa +5, na ɗora a layin gwajin cikin gida, Play ta karɓa. Na sauke, sunan ya fito Ma'aji. Saura abu ɗaya. Shiga da Google yana aiki in na haɗa daga kwamfuta, amma a wadda na sauke daga Play sai ya ba ni ApiException: 10. Ko gyaran da na yi wa fayil ɗin nan da hannu ne ya bar tabo?

Injiniya Bello:
Ba shi ba ne. Google ba da sunan yanka kaɗai take gane manhaja ba, tana haɗawa da hoton yatsan mabuɗin da aka sa mata hannu da shi, wato SHA-1. Kai mabuɗai uku gare ka ko ba ka lura ba: na gwaji da ke kwamfutarka, na ɗorawa da kake sa wa fayil hannu kafin ka tura, da kuma wanda Play ke riƙe da shi take sake sa hannu kafin ta raba wa jama'a. Na farkon kawai ka ba Firebase. Shiga Play Console, sashen sa hannun manhaja, ka kwafo SHA-1 na mabuɗin da Play ke riƙewa, ka ƙara shi a saitin manhajar a Firebase, ka sake sauke google-services.json. Lamba 10 kusan kullum ma'anarta sunan da yatsan ba su haɗu da abin da aka yi rajista ba.

Kuma tunda mun zo kan mabuɗi, ga gargaɗi, da babbar murya. Kada ka jona wayar Alhaji ko ta wani ɗan kasuwa a kwamfutarka ka yi flutter run don ka nuna masa sabon suna. Sa hannun ba ɗaya ba ne, Android za ta ƙi ɗora ta a kan ta Play, ita kuma Flutter in ta ga haka tana cire tsohuwar ta sa sabuwa. Littafinsa zai tafi a cikin daƙiƙa biyar, abin da muka kwana muna gudu. Ta Play kaɗai za su karɓi sabuntawa.

Zainab UJ:
Injiniya, to in mutum na son ta gwaji da ta gaske su zauna a waya ɗaya fa?

Injiniya Bello:
applicationIdSuffix ".debug" a ɓangaren debug na build.gradle. Waya za ta gan su a matsayin manhaja biyu. Amma ki yi wa mai .debug ɗin rajista a Firebase ita ma, in ba haka ba saƙon da Nura ya fara kawo mana zai dawo. Ki ba ta laƙabi daban kuma, don kada ki rikita su a allo.

Nura Rikkos:
Ya shiga! Na ƙara yatsan, na sake haɗawa da +6, na sauke daga Play, na shiga da asusuna, bayanan sun hau. Allah ya saka wa kowa da alheri, Injiniya, Anti, Malam Ɗanjuma, Zainab, Sadiq. Na kira Alhaji na yi masa bayanin adireshin, ya ce shi dai in an buɗe waya kada a ga bashi, sauran ba ruwansa. Maganar asusu kuma ya ce in zo ranar Asabar in ɗansa na nan.

Kafin in sake ta ga kowa ina so in gwada sabuntawar a kan wayar da ke da tsohuwar siga da bayanai a ciki, musamman itel ko tsohuwar Infinix, don su suka fi yawa a kasuwar. Akwai mai irinta a kusa?

Sadiq Bukuru:
Akwai itel ɗin ƙanena a gida. Yau zan sauke tsohuwar daga Play in cika ta da bashin ƙarya, sai ka ƙara imel ɗinsa a masu gwaji. Gobe bayan azahar ina Terminus, mu haɗu a can in kawo maka ita.